Gaisuwar Sallah daga Landan

Zuwa ga Baba da Inna da mutanen gida baki ɗaya,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana.

Na yi Idi a babban masallacin da ke gefen Regent's Park, inda ake yin sallar rukuni-rukuni saboda yawan jama'a, kuma da an sallame sai kowa ya duba agogo ya nufi wurin aiki, domin a nan ba a ba da hutun Sallah. Ni da ba ni da darasi, sai na taka zuwa Hyde Park da babbar rigata, ana ta kallona, don in ga filin da nake rubutu a kansa tun bara.

Baba, kun sha tambayata yadda mutum zai ƙare karatunsa a kan shekara guda tak, wato 1851. To, a filin nan ne Sarauniya Biktoriya ta buɗe babban baje kolin duniya ranar 1 ga Mayu na shekarar, cikin wani ƙaton gini na ƙarfe da gilashi wanda Joseph Paxton, mai kula da lambu, ya zana. Kafin a rufe shi a Oktoba an shiga kusan sau miliyan 6, musamman da aka rage kuɗin shiga zuwa sule ɗaya a wasu ranakun mako, har ma'aikatan masaƙu suka riƙa zuwa a jirgin ƙasa suna kallon injinan da suke yini a gabansu an goge su suna ƙyalli. Ƙidayar shekarar ce ta fara nuna mazauna birane sun fi na karkara yawa a Ingila, kuma a cikinta gwamnatin Lord John Russell ta soke harajin taga. Ku yarda da ni, taga ake ƙirgawa a biya kuɗi, har yau ana ganin tsofaffin gidajen da aka toshe tagoginsu da bulo.

Abin da zai ba ku dariya shi ne, a watan Fabrairu na shekarar Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a zamanin Sarki Usman, ya tarar da yadin Mancesta a kasuwa tare da baƙin rininmu. Ashe kukan da kuke yi da yadin waje a Kantin Kwari ya girmi kakanmu.

Ginin baje kolin dai babu shi a filin, an mayar da shi kudancin Landan, ya ƙone a 1936. Ciyawa na tarar, na zauna a kanta, kuma a nan ne kewar tuwon Inna ta kama ni. Na san a daidai lokacin an kwashe tuwon shinkafa, miyar taushe tana kan murhu, yara sun jeru da langa ana cewa wannan ta gidan Liman ce, wannan ta gidan Gwaggo. Jiya da dare na gwada yin tawa. Na sami kabewa da alayyafo, amma babu yakuwa, babu daddawa, gyaɗar da na saya a kwalba kuwa ashe da sukari a ciki, sai miyar ta fito kamar kunu. Na ci abina, ba laifi, sai dai babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa in miƙa, domin maƙwabcina wata takwas ke nan gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba.

Ina gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya Babba, da yaran shago. A gaida Malam, a roƙar mini addu'a. Kaka kuwa a zaunar da ita a karanta mata wannan a hankali, a ce maigidanta na Landan bai yi mata kishiya ba, goron Sallarta yana hannun Yaya, kuma ta daina cewa sanyi ya cinye ni, na ma ƙara ƙiba. Auta, gobe in an je Hawan Daushe ki tsaya inda muka saba tsayawa, ki ɗauko mini hoto. Inna, in an sami mai tahowa, daddawa da busasshiyar yakuwa.

Naku,
ɗanku na Landan