Warin Fumfuna a Tsofaffin Katunan 'Yan Wasa: Turare Ba Ya Maganinsa

Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da wasu za su ɗauka wasan yara ne, wato tsofaffin katuna masu hotunan 'yan wasa, da yadda ake raba su da warin fumfuna ba tare da an lalata su ba.

Bayan ɗaukewar ruwan bana na buɗe adakar marigayi yayana, wadda ta shafe fiye da shekara ashirin a ƙarƙashin gado, a ɗakin da bangonsa ke jiƙewa duk watan Agusta. A ciki na tarar da katunan 'yan ƙwallo da ya tara lokacin gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, tare da kundin manna hotunan 'yan ƙwallo na kamfanin Panini mai ɗauke da Rashidi Yekini, wanda ya ci mana ƙwallon farko ranar da muka lallasa Bulgeriya da ci uku da nema, ya rungume raga yana ihu. Warin da ya bugi hancina sai da ya sa ni atishawa. Uwargida ta ce a turara su da turaren wuta, maƙwabcina kuma ya ce a shanya su a rana tsaka kamar barkono. Dukansu da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma da na bi ko ɗaya daga cikinsu da na yi asara.

Kati kwali ne da aka haɗa da gam, yana kuma shan laima kamar soso. Idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin ɗari ta kuma daɗe a haka, fumfuna takan samu wurin zama ta riƙa cin takardar, warin da muke ji kuwa daga gare ta yake fitowa. Saboda haka wanda ya turara kati bai kori komai ba, ya dai ƙara wa takardar hayaƙi da maiƙo waɗanda za su bar mata tabo rawaya. Rana kuma takan koɗar da launi ta lanƙwasa kwalin, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa.

Abin da na yi shi ne, na fara baza katunan ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle a inuwa, inda iska ke kaɗawa, na bar su kwana uku ina juya su. Sa'ar da muke da ita a Arewa ita ce busasshiyar iskar hunturu, wadda ke yin aikin da masu tara kati a Turai ke sayen na'ura dominsa, sai dai dole a yafa musu mayafi mara nauyi saboda ƙura. Da suka bushe ƙayau, na fita waje, na rufe hanci, na share farin garin da ke kansu da burushi mai laushi. Ban sa ruwa ba, domin jiƙaƙƙiyar fumfuna damewa take yi ta shige cikin takarda. Daga nan na samu robar ajiye abinci mai murfi, na zuba busasshen gawayi a ƙasa, na ɗora 'yar raga a sama don kada baƙin ya taɓa katunan, na jera su na rufe. Duk mako nakan sauya gawayin. Garin soda na masu yin burodi ma yana jan wari, muddin bai taɓa katin ba. Wannan mataki ne ke cin haƙuri, domin yakan ɗauki wata guda ko fiye.

Masu wannan harka a Amurka ba sa wasa da irin wannan taka-tsantsan, kuma suna da dalili. A watan Agustan 2022 an sayar da katin Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan baseball na Amurka, na kamfanin Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6, katin wani ɗan wasan baseball ɗin, Honus Wagner, kuwa, wanda aka riƙa sakawa cikin kwalin taba tsakanin 1909 da 1911, ya haura dala miliyan bakwai a wannan shekarar. Kamfanonin tantance kati irin su PSA ba sa ba da maki ga katin da suka gano an yi masa gyaran fuska. Ba na tsammanin akwai irin waɗannan a adakarmu, amma hanyar ita ce dai za ta ceci tsofaffin hotunan aure da takardun fili da littattafan ajami da muke tarawa a irin waɗannan akwatuna.

Yanzu katunan suna cikin sabon akwati a saman kabad, nesa da bango da ƙasa, tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Kundin Panini ne kaɗai ya ƙi saki, domin shafukansa sun fi kauri, na kuwa mayar da shi cikin gawayin sai ƙarshen hunturu.

Naku mai karatu,
daga Kaduna