A tambayi ɗan siyasar me ya sa wa masu ciwon daji a kasafi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan hirar da kuka yi da ɗan majalisar nan da ke shugabantar gidauniyar yaƙi da ciwon daji. Wakilinku ya bi tarihinsa tiryan-tiryan, tun daga shigarsa siyasa har kujerar da yake kai yanzu, ya lissafo tattakin wayar da kai da gwajin kyauta da gidauniyar ta yi. Allah ya saka masa da alheri, ba na raina ko ɗaya. Sai dai har na kai ƙarshen hirar ban ga inda aka tambaye shi ƙudurin da ya kai majalisa kan wannan ciwo ba, ko kuɗin da ya tsaya kai da fata aka sa a kasafi. Ni a wurina nan ne aikin ɗan siyasa yake. Raba riguna da huluna a watan Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, kowane mai kuɗi zai iya.

Aikin jinya na yi har na yi ritaya a nan Daura, don haka na san yadda matanmu ke zuwa asibiti da sankarar mama. Ba sa zuwa lokacin da ƙullutun yake kamar ƙwayar gyaɗa. Sai ya fashe, an shafe shi da ƙullin sassaƙe, an naɗe da tsohon zani, tun daga bakin ƙofa warin ke sanar da ke abin da ke tafe. In kin tambaya me ya hana a zo da wuri, amsar ɗaya ce: ai daji ne, ba ya son allura, ƙarfe na taɓa shi sai ya bazu. Wata kuma kunya ce ta hana ta faɗa wa mijinta har shekara ta zagayo. To a nan gidauniya na da amfani, domin in mai muƙami ya tsaya gaban jama'a ya ce a je a duba, ana jin maganarsa fiye da tamu.

Amma bayan gwajin fa? Na ga matar da aka duba a irin wannan taro, aka ce akwai ƙari, aka miƙa mata takarda. Masu taro suka naɗe rumfunansu suka koma Abuja. Ita kuwa sai a yanki tsoka a kai gwaji, a jira sakamako, a yi aiki, sannan ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi wanda ba sau ɗaya ake yi ba, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Shekara da shekaru in aka ce sai an gasa ƙarin da inji, asibitin Shika da ke Zariya ake nufa ko Abuja, a kwana a barandar asibiti ana jiran layi, wani lokacin a tarar injin ya lalace. Awakinta suka ƙare, mijin ya jinginar da gona, aka dawo gida ba a kammala ba. An sanar da ita sunan ciwonta, shi ke nan abin da ta samu.

Mu Katsinawa muna da darasi a gida. A 2009 aka yi gagarumin taron neman gudunmawa a Abuja domin cibiyar kansa ta ƙasa da ƙasa da Hajiya Turai 'Yar'aduwa ta ɗauko, aka yi alƙawarin biliyoyin naira, gini ya tashi a kan hanyar filin jirgin sama. Allah ya yi wa Shugaba Umaru Musa rasuwa a watan Mayun 2010, ginin ya yi shekaru a tsaye babu majinyaci ko ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma an jingina ta da mulki, mulkin na gushewa masu rububin bayarwa suka watse. Ba a nan kaɗai ake haka ba. Joe Biden na Amurka, wanda ɗansa ya rasu da kansar ƙwaƙwalwa a 2015, ya kafa gidauniyarsa a 2017, amma da ya shiga takarar shugaban ƙasa a 2019 sai aka dakatar da ita.

Wadda na ga ta kauce wa wannan rami ita ce Dakta Zainab Shinkafi Bagudu. Ta kafa gidauniyar Medicaid tun 2009, shekara shida kafin mijinta ya zama gwamnan Kebbi, kuma aikin bai tsaya ba da suka bar gidan gwamnati a 2023. A 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC, mutum na farko daga Afirka. Likitar yara ce, ta san ciwon kafin ta san siyasa. Wannan ne ma'aunin da nake so a ɗora baƙonku a kai: gidauniyarsa ta girmi kujerarsa, ko tare aka haife su?

Abin da ya fi damuna shi ne akwai ƙofofin da shi kaɗai zai iya ƙwanƙwasawa, mu ba za mu iya ba. An yi dokar kafa cibiyar bincike da kula da kansa ta ƙasa, NICRAT, tun 2017, amma sai 2023 ta fara aiki. Asusun tallafa wa masu kansa marasa galihu ya fara a 2021 da asibitoci 6 kacal, kuma mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza (prostate) kawai ya ɗauka. Shugabanninmu sun sa hannu a Abuja tun 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Ƙiyasin 2022 ya nuna mutum sama da 120,000 ne ke kamuwa da kansa duk shekara a ƙasar nan, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Wace gidauniya ce za ta ɗauki wannan da kuɗin aljihu?

Alhamdu lillahi, a 2025 an buɗe sabuwar cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan. Injin gashi kuwa yana son wuta mai tsayawa, da injiniyan da zai duba shi, da ma'aikatan da ba za su gudu Saudiyya ko Ingila ba. Duk wannan maganar kasafi ce, a zauren majalisa ake yin ta.

Haka allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, kyauta, sau ɗaya tak. Na ji da kunnena a gidan suna ana cewa ta hana haihuwa ce. Ɗan siyasar da ya san kowace mazaɓa da mai unguwarta, ya san limamin da ake jin maganarsa, me zai hana ya kai tasa 'yar a yi mata a gaban mutane?

Don Allah, Malam Edita, ku sake tura wakilinku. Ya tambaye shi mata nawa cikin waɗanda gidauniyar ta gano suna da ciwon suka kammala magani, su wane ne ke ba ta kuɗi kuma ko akwai 'yan kwangila a cikinsu, sannan wa zai riƙe ta ranar da ya faɗi zaɓe. Ku buga amsar a shafin da kuka buga hirar farko.

Na gode.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Daura, Jihar Katsina.