Sanarwa ga waɗanda gwiwarsu ta yi sanyi

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Kwana biyun nan rukuninmu ya yi tsit, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sakamakon jarrabawa ya fito bai yi wa wasu daɗi ba, wasu kuma neman aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Har wani ya rubuto min da tsakar dare cewa ya tattara littattafansa ya cusa ƙarƙashin gado.

Ɗan uwa, jawo su ka kaɗe ƙurar. Nelson Mandela ya fara karatun lauya a Jami'ar Witwatersrand a 1943, bai kammala ba. Digirin bai shigo hannunsa ba sai 1989, yana tsare, ta karatu daga nesa a Jami'ar Afirka ta Kudu, lokacin ya kai shekara 70.

Ni dai ban yarda a zauna jiran ƙwarin gwiwa ba. Galibi sai an fara aikin yake biyowa baya.

Don haka daga wannan Juma'ar, kowa ya riƙa turo abu ɗaya da ya yi a mako, ko shafin da ya karanta, ko takardar neman aikin da ya aika. Ƙanƙantarsa ba komai. Banda gori, banda dariya. Wanda ya ji nauyin faɗa a nan, ya same ni ta gefe.