A buɗe ɗakunan renon yara a kasuwannin Legas

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan 'ya'yan matan da ke neman abinci a kasuwannin Legas, musamman namu 'yan Arewa na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Ni malamar firamare ce, kuma yawancin iyayen ɗalibaina 'yan kasuwa ne.

A gida Arewa ba a sayen reno da kuɗi. Mace ta haihu, ga kaka, ga gwaggo, ga facala, kishiya ma idan ana zaman lafiya za ta karɓi goyo. Legas ba haka take ba. Ɗaki ɗaya ne na haya, maigida ya fita dako ko gadi tun asuba, abin da yake kawowa kuma ba ya biyan haya da cefane a tare. Dole matar ta nema. Da ta yi arba'in sai ta saɓa jariri a baya ta koma bakin kasko. Da idona na ga mai awara tana juya mai a wuta, goyonta na shaƙar hayaƙi, ɗan yayenta kuma ta ɗaure masa majanyi a ƙugu ta ƙulla a ƙafar tebur don kada ya faɗa kwata ko ya shige ƙarƙashin mota. Ba rashin imani ba ne, Malam Edita, iyakar dabararta ke nan.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. A 2014 gwamnatin Babatunde Fashola ta mayar da hutun ma'aikatan jihar Legas wata 6, ta ba mazan kwana 10. Madalla. To amma duk wannan na mai albashi ne. Mai tuwo-tuwo wa zai ba ta hutu? Ranar da ba ta fita ba, ranar ba a ɗora tukunya. Haka ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi aji guda na share fage kafin firamare, sai dai 'yan ƙasa da shekara huɗu an bar su kusan gaba ɗaya a hannun masu gidajen reno na kuɗi. Ajin share fagen ma kafin la'asar an tashi, ita kuwa kasuwa sai magariba.

Gidajen renon da ke da tsafta da ƙwararrun masu kula, don 'yan banki da manyan ma'aikata aka yi su. A ƙarshen 2024 gwamnatin Legas ta mayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta naira 85,000, mutanenmu kuwa da yawa ko albashin ba su da shi, ga kuɗin mota da na abinci sun tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Masu araha kuma, wani ɗaki ne babu iska, yarinya guda a kan jarirai rututu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne inda nauyin yake komawa. A kan 'yan mata yake sauka. Idan yarinya mai ƙoƙari ta fara fashin makaranta, nakan san dalili tun kafin in tambaya: an yi haihuwa a gidansu. Za ta zo Litinin, ta ɓace Talata da Laraba, ranar da ta dawo tana gyangyaɗi a aji. Kafin ƙarshen zango ta daina zuwa. Wanda yake da ɗan hali kuma sai ya aika ƙauye a kawo masa 'yar aiki, yarinyar da ita kanta reno take buƙata, dillaliya ta yanki nata, saura a aika wa iyaye. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a ɗauki yaro aikatau a gidan da ba na danginsa ba, Legas ma ta yi tata dokar a 2007. Amma hani kaɗai ba zai yi aiki ba muddin uwa ba ta da inda za ta ajiye ɗanta.

Shawarata ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37: kowace babbar kasuwa a ware mata ɗakin reno. Ai kullum ana yankar wa 'yan kasuwa tikiti, har mai tire ba ta tsira ba. A ga amfanin kuɗin nan mana. Gwamnati ta horar da masu renon, ta biya su, ta riƙa turo masu duba tsafta da yawan yara. Iyaye su biya ɗan abin da ba zai gagara ba, kuma kullum-kullum, domin 'yar kasuwa da cinikin yini take rayuwa, ba ta san biyan zango ba. A buɗe da asuba, a rufe da magariba. Uwa tana nan kusa, za ta leƙo ta ba da nono ta koma rumfa, ma'aikatan lafiya kuma su samu yaran a wuri guda su yi musu rigakafi. A sa matan da ke jin Hausa cikin masu renon, a shigo da Iyaloja, wato shugabar matan kasuwa, da sarakunan Hausawa cikin tsarin, in ba haka ba mazanmu ba za su yarda a kai 'ya'yansu ba.

Na san akwai masu cewa mace ta zauna a gida ta yi renon 'ya'yanta, shi ke nan. Wadda mijinta ya wadata ta, Allah ya ƙara rufin asiri. Amma wadda miji ya rasu ya bar mata marayu fa, ko wadda aka saka? Masu faɗin haka ban ga suna biya musu haya ba. Batun babu kuɗi kuwa kada ma a tayar da shi, don babu jihar da ta kai Legas tara kuɗin shiga a Najeriya.

Idan ba za a iya duka a lokaci guda ba, a gwada da Mile 12, inda manyan motocin tumatir da albasa ke kutsawa cikin jama'a dare da rana.

Na gode.

Wata malamar firamare,
Agege, Legas.