Kira Ga Masu Injin Niƙa: A Toshe Wa Yara Kunne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu injin niƙa, musamman masu tsayar da 'ya'yansu a bakin inji.

Shekarata 26 ina niƙan masara da dawa. Yau shekara huɗu ke nan kunnuwana ba su yi shiru ba. Da rana hayaniyar kasuwa takan danne abin, amma da na kwanta bayan lisha sai in ji shiii, kamar gyare ya tare a cikin kaina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haka ya yi fama. Har yanzu ina ganinsa a zaure ya karkata kai yana bubbuga kunne da tafin hannu, mu kuwa muna cewa tsufa ne.

Sai da na je ganin likitan kunne a Kaduna aka tambaye ni ko akwai mai irin wannan a gidanmu. Ashe abin yana bin jini. Wani bincike da aka yi kan tagwaye a ƙasar Suwidin, aka fitar a 2017, ya nuna ƙugin da ke kama kunnuwa biyu gado na da babban hannu a ciki, kuma ya fi ƙarfi ga maza. Akwai ma wani gadon da ake ɗauka ta wajen uwa, wanda mai shi allurar jentamisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kan iya kurmantar da shi. Shi ya sa na hana iyalina karɓar allura a kemis ba da takardar likita ba.

Amma ni ƙarar inji ce ta fi damuna, domin ita ce a hannunmu. A can cikin kunne akwai 'yan ƙananan gashi masu ɗaukar sauti, idan ƙara ta lalata su ba sa sake tsirowa. Masana sun ce haɗari na farawa daga desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa takwas. Duk wurin da sai ka yi ihu kafin wanda ke gabanka ya ji ka, to an kai wurin. A shagona kuwa da hannu muke ciniki.

Babban ɗana ya fara kama mini aiki, jinina ne kuma jinin kakansa. Na saya masa abin toshe kunne na roba, ba ya kunna inji sai ya sa. Ina roƙon masu sayar da bel da faranti su riƙa ajiye shi a kan teburi, yadda duk wanda ya zo sayen kayan gyara zai gani.

Naka,
Wani mai injin niƙa, Funtuwa