A riƙa gwada waɗanda suka samu bugun jini a ƙwaƙwalwa kafin a sallame su

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi kira ga asibitocinmu kan wata larura da ake sallamar mutane da ita ba a duba ba. Wanda jininsa ya buga, wato ciwon nan mai kawo shanyewar ɓarin jiki, ko ya fasa kai a hatsarin babur, musamman in ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, sai ka ga hankalinsa ya daina kaiwa kan duk abin da ke hagunsa, alhali idon nan yana gani. A kawo masa tuwo ya cinye na dama ya ce an yi masa rowa, in zai yi alwala ya tsallake hannun hagu, kullum kafaɗa na dukan ƙofa, kuma shi fa bai san yana yi ba, ka faɗa masa ma ya musa. A gida sai a ce rigimar tsufa ce, wasu su ce iska, kuma tunda mu da hannun dama muke ci muke miƙa abu ba a saurin lura.

Gwajin gano larurar nan wallahi takarda ce kawai da biro. A ja layi a ce ya nuna tsakiya, zai karkata dama. A ce ya zana agogo, sai ya cusa lambobin duka a gefe ɗaya. Akwai na wani likita mai suna Albert tun 1973, gajerun layuka ne barbaje a takarda a ce ya soke kowanne, na hagu sai ya bar su.

Inda nake da magana shi ne dattawanmu da yawa ba su saba da biro ba, in tsoho ya kasa zana agogo me ka gane? Shi ya sa na fi son ma'aunin Catherine Bergego na Faransa, abu 10 ne ake lura da su a harkar yau da kullum, irin su cin abinci, sa riga, gyaran fuska da tafiya, wanda nas ko mai gashin ƙashi zai iya yi yana tsaye bakin gado. A ƙara da tambayar mai jinya, ita ke kwana da shi.

In an gano dan Allah a gaya wa 'yan'uwa da Hausa kar su ba shi makullin babur, kar kuma su bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai.

Naku,
wani mai karatu daga Zariya