Albarushi Da Danshin Damina: Kira Ga Maharbanmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana maharba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya tsufa yana farauta da bindigar toka. Albarushinsa a gwangwani mai murfi gam yake zama, can saman kanta, nesa da murhu da hannun yara.

Daminar Jos ba wasa ba ce. A watan Agusta bango ma gumi yake yi, albarushi kuwa shan danshi yake kamar gishiri, ya dunƙule, ya ƙi kamawa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai jinkirin tashi: an ja kunama shiru, mutum ya juyo bindiga zai duba, sai ta tashi. Haka wani maƙwabcinmu ya rasa yatsu biyu bara, na ga hannun da idona.

Masu sake ɗura harsashi da hannu kuma, don Allah ku riƙa rubuta ranar ɗurawa a jikin kwali. Busasshe a ɗaki mai sanyi yakan yi shekaru lafiya lau. Amma in kwanso ya kumbura, ko tagullar ta yi kore, kada a harba shi, a miƙa wa 'yan sanda.

Naku,
Ɗan maharbi, Gangare, Jos